Bakin Madam Ivon

Duk Lahadin da kuka cika mini falo a Bron kuna cin shinkafata, sai na ji ɗayarku ta ce in karatu ya ƙi, ai sai ta shiga aikin gidan tsofaffi kafin abin kirki ya samu. Makon jiya ma wata ta faɗa, idonta a kan waya: "Tanti Rabi, ai ba wani abu ba ne, wanka ne da ba da abinci." Ban tanka ba a lokacin don bakina da nama. Amma tunda kun ɗauki aikin nan kamar wurin jiran tram, jirgin nan na cikin gari, bari in ba ku labarinsa yadda na yi shi da hannuna, in kun ji sai ku sake shawara, ko ku shiga da idonku biyu.

Tsohon da na fara yi wa wanka a ƙasar nan, a wani gida ne a arewacin Paris. Ina sabuwar zuwa daga Damagaram, ina zaune a Stains wajen Hajiya Zali, wadda gari kawai muka haɗa amma ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Wadda aka ba ta ni ta koya mini aiki wata 'yar tsibirin Gwadalup ce, Odet, gajeruwa mai muryar maza. Na shiga ɗakin da kwano da tawul, ina sauri don a ga ina da himma, na yaye bargo na cafki ƙafar mutumin. Ihun da ya kwarara sai da na saki kwanon. Odet ba ta yi mini faɗa a gabansa ba. Ta jawo ni waje, ta kama hannuna ta manna mini shi a wuyana. Sanyi ƙalau, kamar na fito da shi daga firiji.

"Da wannan za ki taɓa mutum?" ta ce. "Ke in an tashe ki da shi, ba za ki yi duka ba?"

Daga ranar na koyi cewa kafin soso akwai ɗuma hannu a ruwan zafi, kafin ɗuma hannu akwai ƙwanƙwasa ƙofa, ko da kin tabbata na ciki kurma ne. Ana gaya wa mutum abin da za a yi masa kafin a yi. Ba a tuɓe shi gaba ɗaya, ana buɗe inda za a wanke a rufe sauran. Safar hannu ta wanka biyu ce, ta sama daban ta ƙasa daban, kuma ranar da kika haɗa su, Odet za ta sani ko tana wani bene. Injin ɗaga mutum kuwa, wanda kuke gani kamar lilo, in kin saƙala madaurinsa a karkace, tsohuwa za ki kayar, in kuma kin ce kin fi ƙarfin inji, bayanki zai gaya miki gaskiya kafin ki kai arba'in.

Amma duk cikin kayan aikin nan babu wanda nake tsoro kamar cokali. Ƙaramin cokalin shayi ne, ba babba ba, kuma ba a cika shi. Tsoho in ya kai wani matsayi, haɗiya ma sai an taya shi. Ruwa zalla kan bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu, shi ya sa muke kaɗa masa wani gari har ya yi kauri kamar kamu. Odet ta hana ni kallon idon wanda nake ciyarwa. Ta ce maƙogwaro zan kalla, sai na ga ya hau ya sauka sannan in ɗebo na gaba. Ana zaunar da mutum sosai, a sunkuyar masa da haɓa kaɗan, ke ma ki zauna, don in kina tsaye zai ɗaga kai ya dube ki, hanyar iska ta buɗe. Ban taɓa ganin wanda wanka ya kashe ba, amma na ga wanda cokali ɗaya na miya ya kai asibiti bai dawo ba.

Mutanen da za ku yi wa hidima kuma iri-iri ne, kuma rabinsu ba sa kan gado. Akwai tsohon da ya yi wata biyu ba ya yarda baƙin hannu ya taɓa shi, daga baya ya zama in ba ni ba ce ba ya aski. Akwai wadda kullum take zargina da satar mata riga, rigar kuwa tana jikinta. Sai 'ya'yansu, masu zuwa sau ɗaya a wata da fure, su duba ƙarƙashin farcen uwarsu su kira shugaba. Da farko abin yana ci mini rai. Daga baya na gane yawancinsu kunyar kansu suke ji, kuma ke ce mafi kusa da za su sauke wa.

Da maigidana ya samu aiki a wata masana'anta a Saint-Fons, muka dawo Lyon, na shiga wani gidan tsofaffin da ba shi da nisa da nan. A can na haɗu da Madam Ivon. Ta yi rayuwarta tana dafa wa ma'aikatan masana'anta abinci, mace ce da aka ce da ludayi take korar mai raina mata miya. Lokacin da na same ta cutar mantuwa ta riga ta cinye mata magana. Ba ta san sunan 'yarta ba, ba ta san me ake yi da cokali ba. Sai dai abu ɗaya ya rage mata: in ta ga baki ya buɗe a gabanta, nata ma sai ya buɗe. In kin tauna, ta tauna. In kin haɗiye da ƙarfi ta gani, ta haɗiye. Haka ake ciyar da ita, kamar yadda muke yi wa ɗan yaye ba tare da mun lura ba.

A cikinmu kuma ni ta zaɓa, ba don na fi kowa iyawa ba. Wushiryata ce. In na buɗe baki sai ta ƙura wa tsakanin haƙoran nan ido, ta yi wata 'yar dariya, wani lokaci ta miƙo yatsa za ta taɓa. Abokan aiki har tsokanata suke yi, wai a saka wushiryar Rabi cikin kayan aikin gidan. Da sauran tana karɓar cokali biyu ko uku ta kau da kai, da ni kuwa sai ta share faranti.

Sai korona ta zo, aka rufe mana fuskoki.

Ba zan ba ku labarin shekarar farko ba, ɗakunan da muka kwashe kayansu cikin leda sun ishe ni tunawa ni kaɗai. Abin da ya shafi maganarmu shi ne, daga ranar da na shiga ɗakin Madam Ivon da takunkumi, ta daina ci. Ta dube ni kamar bango. Na yi mata waƙa, na kira sunanta, na shafa mata cokali a leɓe, bakin nan gam. Aka kawo takunkumi mai gilashin roba a tsakiya, wanda ake ganin baki ta ciki. Numfashi ya rufe shi da tururi, ƙyallinsa kuma ya tsorata ta har ta kai mini duka. Zobenta ya fara yawo a yatsa.

Babbar anfirmiyarmu, wato shugabar masu jinya, Madam Selin, mace ce mai bin doka kamar ita ta rubuta ta, amma tana da ido. Wata rana ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Buɗe taga. Ki zauna iyakar tsawon hannunki. Ki sauke mask ɗin lokacin cokali kawai, ki mayar da kin gama. Ni zan yi wa likita bayani." Na sauke. Madam Ivon ta kalli bakina ta daɗe, sai ga 'yar dariyar nan. Ranar ta cinye dankalin da aka dama mata har da kompot, wato dafaffiyar tuffa da aka niƙa. Haka muka ci gaba, ni da ita da taga a buɗe, ko ana sanyin da ke sa hannu rawa. Ranakun hutuna ba ta cin kirki, amma kwana ɗaya ko biyu jiki yana ɗauka, in na dawo sai mu rama.

Da allurar rigakafi ta fito, kusan duk gidan suka yi. Ni ban yi ba, kuma na san kuna mamaki, mace mai aikin lafiya. Dalilin yana Damagaram. Wani saƙon murya ya zaga gari, irin wanda ba a san mai shi ba amma kowa ya rantse ɗan uwan maƙwabcinsa ne, wai duk wanda aka yi wa allurar ba zai daɗe ba. Inna ta sa aka kira mata ni. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

"Rabi, ki saurare ni da kyau. In kika bari suka soka miki abin nan, ban yafe miki nonon da kika sha ba."

Na yi bayani, na kawo likitoci, na kawo malamai, na ce abokan aikina duk sun yi suna nan garas. Ta ce ita dai ta gama magana. To ku gaya mini, da wane Faransanci zan fassara wa shugaban gidan wannan? Da ya tambaye ni sai na ce ina tunani. Ya ce in yi sauri, don gwamnati ma tana tunani.

Ba a daɗe ba, a lokacin zafi na shekara ta biyu, dokar ta sauko. Ma'aikacin gidan tsofaffi da bai yi allura ba, ba zai taka ƙofa ba sai da shaidar gwaji da ba ta wuce kwana uku ba. Kuma wannan ma na 'yan makonni ne, bayansu ko allura ko a dakatar da mutum. Rayuwata ta koma lissafin hanci. Kafin in duba jadawalin aiki sai na duba yaushe gwajina zai mutu. In ya mutu tsakiyar aikin safe, dole in yi sabo tun jiya da yamma, in kuma Lahadi ta ratsa, sai na nemi farmasi, wato kantin magani, da ke buɗe a wata unguwa. Ana zaunar da ke a tanti a bakin titi, mutane suna wucewa suna kallo, a ɗaga miki kai a zura tsinken nan har ki ji kamar ya taɓa bayan ido. Hawaye na zuba ba kuka kike ba. Yarinyar farmasinmu ta saba da ni har takan tambaya, "Yau na dama ko na hagu, Madam?" don na hagun ya fara jini. Sannan ki tsaya a gefe kina jiran waya ta yi ƙara, kina salati a zuci, don sakamakon nan ba naki ba ne ke kaɗai.

Da safe a ƙofar gida, masu allura su wuce da sallama, ni in tsaya a haska shaidar gwajin da ke cikin wayata. Ba wanda ya taɓa gaya mini baƙar magana, amma akwai yadda ake matsar da kofi in kin zauna a ɗakin hutu. Madam Selin kuma ta ƙara mini nata sharaɗin. Ta ce, "Rabi, ke kaɗai ce a gidan nan kike buɗe fuska a gaban mai shekara tamanin da wani abu, kuma ke ce ba ki da allura. Doka ta ce kwana uku, ni ban yarda da rana ta uku ba. In takardarki ta kwana biyu, ki sake kafin ki zauna gabanta." Na yarda, don ni ma ban yarda da ita ba. Takardar ba ta cewa ba ki da ciwo, cewa take lokacin da aka soka tsinken ba a ga komai ba. Abin da kika shaƙa bayan kin fito tanti ba ruwanta.

Ana cikin haka aka kira ni daga Stains, Hajiya Zali ta rasu. Ciwon suga ne, ta daɗe tana fama. Kun san ba a aika wa irin wannan gaisuwa ta waya. Matar da ta ba ni katifa da bargo lokacin da ban san ko tikitin jirgin metro ba, in ban je ba, da wace fuska zan sake shiga mutane? Na samu hutun kwana ɗaya, na yi sabon gwaji da sassafe, don jirgin ƙasa ma sai da shi, na kama hanyar Paris. Tun daga Lyon na shirya wa kaina dokoki: ba zan cire takunkumi ba, zan zauna kusa da ƙofa, ba zan ci ba, zan yi addu'a in fito.

Dokokina ba su kai minti biyar a falon nan ba. An kwashe kujeru an shimfiɗa tabarmi, mata sun cika shi har bakin kicin, tagogi a rufe saboda maƙwabta sun yi ƙorafin hayaniya. Ina shiga Mariyama, 'yar marigayiya, ta faɗo jikina tana kuka, hawayenta a wuyana. Ba a ture maraya. Ina zama, yayar Hajiya, tsohuwar da ko mazan gidan ba sa ja da ita, ta dube ni sama da ƙasa.

"Rabi, cire ƙyallen nan. Uwarki ce ta mutu, ba asibiti kika zo ba."

"Gwaggo, saboda aikina ne, tsofaffi nake…"

"Mu ma tsofaffin ne. Ko ƙyamarmu kike yi yanzu?"

Kowa a falon yana kallona. Na cire. Da aka kawo abincin sadaka a manyan tire, na ce na ƙoshi, aka ce ba don yunwa ake ci ba, don mamaciya ne. Muka sa hannu mu shida. Kusa da ni wata Hajiya ce 'yar kasuwa, ta dawo daga tafiya shekaranjiya, tana tari cikin mayafi tana cewa sanyin jirgi ne ya kama ta. Mace mai kirki, har tsokar nama take turo mini gabana. Da yamma na kamo jirgi na dawo, na yi wanka, na wanke kayan, kamar wannan zai canza wani abu.

Washegari ina cikin tram zan tafi aiki, saƙon Mariyama ya shigo. "Yaya Rabi, Hajiyar nan da kuka ci tare, an kai ta asibiti. An yi mata tes ɗin korona, positif ce, tana da ita. Na ce bari in gaya miki saboda aikinki." Na sauka a tashata, na taka har bakin gidan, na tsaya a ƙetaren titi.

Gwajina yana da rai, jiya-jiya aka yi shi. Ko sharaɗin Madam Selin bai karya ba. In na miƙa waya za a haska a ce in wuce, babu mai tambayata inda na yini. Daga inda nake ina hango tagar Madam Ivon a bene na biyu, kuma na san jiya ba ta ci komai ba sai abin da ba a rasa ba. In na shiga, za ta ci yau. In na shiga kuma da abin a maƙogwarona, ni zan hura mata shi a fuska, da bakina a buɗe, ina mata dariya. Ban taɓa jin tsoro irin na safiyar nan ba, don ko'ina na juya ita ce a ƙarshen hanyar.

Na kira Madam Selin daga nan inda nake tsaye. Ta saurara har na gama.

"Kin cire mask?"

"Na cire."

"Kun daɗe tare?"

"Tire ɗaya muka ci."

Sannan ta ce, "Kin kyauta da kika faɗa. Amma ki sani, da kina da allura, gwaji ɗaya za ki yi, in ya fito lafiya ki dawo aiki. Tunda ba ki da ita, mako guda ne a gida, ko me gwajin ya ce. Ba ni na yi dokar ba."

"Madam Ivon fa?"

"Za mu gwada," ta ce.

Sun gwada, ba zan ci haƙƙinsu ba. Kowa ya sauke takunkumi ya buɗe mata baki, har mai gyaran lantarki, don an ce yana da giɓi. Cokali biyu, ta kau da kai. A rana ta biyu Madam Selin ta zo da dabara: za ta riƙe tablet, babbar wayar nan mai faɗin allo, a gaban tsohuwar, ni in buɗe baki daga gida, ita ta kai cokali. Da azahar na zauna a kicin ɗin nan, na jingina waya da gwangwanin madara, na matso har bakina ya cika allon. Ina cewa "Aaa, Madam Ivon, aaa," ina tauna iska, ina haɗiye yawu da ƙarfi don maƙogwaro ya nuna. Maigidana da na keɓe kaina daga gare shi ya leƙo daga baranda ya ce, "Yanzu kuma waya ake ba abinci?" Da wani lokaci ne da na yi dariya.

Ranar farko dabarar ta ɗan yi aiki. Ta ga wushiryar, ta buɗe, aka samu cokali huɗu ko biyar suka wuce. Sai ta miƙo yatsa za ta taɓa, ta ci karo da gilashi. Ta sake, ta sake. Ta leƙa bayan tablet ɗin tana nemana. Da ba ta same ni ba sai fuskarta ta yamutse, ta ture hannun Madam Selin. Washegari ko kallon allon ba ta yi ba.

Gwajin da na yi a ranar farko ta zaman gida ya fito babu komai. Ba zazzaɓi, ba tari, ina jin ƙanshin albasa daga gidan maƙwabta. Lafiyata ƙalau ina zaune ina kallon bango, mace tana ramewa tasha biyar daga nan. Kullum da yamma Madam Selin ta kira ta gaya mini abin da ya shiga: ruwa mai kauri rabin kofi, kompot a bakin cokali, wata ranar babu. Likita ya sa mata ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata. Aka yi maganar kai ta asibiti a zura mata tiyo ta hanci, 'yarta ta ce a'a, uwarta za ta fizge shi sai an ɗaure mata hannu, ita kuwa ba za a ɗaure mata uwa ba. Ban ga laifinta ba.

A tsakiyar makon na kira Inna. Ban kawo likita ba wannan karon, ban kawo malami ba. Na ba ta labarin tsohuwar kawai, yadda take kallon bakina, da yadda nake zaune a gida lafiya lau an hana ni zuwa. Da na gama sai Inna ta tambaye ni.

"Kwana nawa ba ta ci ba?"

Na gaya mata.

"Ba ta da 'ya'ya ne?"

"Tana da 'ya, Inna. Ba ta gane ta."

"Innalillahi." Na ji tana gyara zama. "Ni don kada ki mutu ki bar ni na faɗa, Rabi. Ban ce ki bar baiwar Allah da yunwa ba. Je ki yi allurar. Na yafe, Allah ya tsare."

Na yi kuka bayan na ajiye wayar, na daɗi da na haushi a haɗe, don wannan maganar da na san haka za ta yi sauƙi da na yi ta tun watanni. Na nemi ranar allura nan take. Amma yafewar Inna ba ta rage ko awa ɗaya daga makon ba, kuma allurar da ba a riga an yi ba ba ta buɗe ƙofa.

Gwajin ƙarshe ma ya fito babu komai. Ban taɓa ɗaukar cutar ba. Na isa gidan tun kafin a canza ma'aikata, aka haska wayata, na hau bene ban jira asansa, na'urar hawa bene, ba.

Na ɗuma hannuna, na ƙwanƙwasa, na shiga. Mako guda ba komai ba ne a wajenku, amma a jikin da ya kai nan, shekara ne. Kumatun sun faɗa, leɓen ya tsattsage, idon ya shige ciki. Na buɗe taga, na tayar da kan gadon, na gyara mata haɓa. Na zauna, na sauke takunkumi, na ce, "Ni ce, Madam Ivon. Na dawo." Ta daɗe tana kallona. Babu dariyar, amma da na buɗe baki, a hankali nata ya buɗe. Na kai mata rabin cokali na kompot. Ta rufe baki a kansa. Na tauna, na haɗiye, na sake haɗiyewa ina nuna mata wuyana, idona a kan maƙogwaronta. Bai motsa ba. Na shafa shi da yatsa daga sama zuwa ƙasa yadda ake yi. Bai motsa ba. Abincin yana nan a kumatunta, ta manta inda ake kai shi.

Wannan ne aikin da ba a gaya muku ranar ɗaukar aiki. Abincin da aka kasa haɗiyewa ba a barinsa a baki, don in mutum ya yi gyangyaɗi huhu zai tafi. Na naɗe yatsana da auduga, na roƙe ta ta sake buɗewa, na kwashe abin da na yi mako guda ina addu'ar in saka. Na gwada da yamma, na gwada washegari. Daga nan likita ya ce a daina, a riƙa jiƙa mata leɓe kawai. Ni nake yi, da ɗan soso a kan tsinke, fuskata a buɗe, don yanzu babu abin da ya rage da za a kare ta daga gare shi.

Ta cika da rana tsaka, 'yarta tana riƙe da hannu ɗaya. A gidan nan mu ne muke yi wa mamaci gyaran ƙarshe kafin masu jana'iza su zo, kuma Madam Selin ta tambaye ni ko in bar wa wata. Na ce ni zan yi. Ruwa mai ɗumi, ko da ba za ta ji ba. Ana gaya mata abin da za a yi, kamar kullum. A wanke fuska, a taje gashi, a sa rigar da iyali suka zaɓa, a rufe ido da jiƙaƙƙiyar auduga. Abu na ƙarshe kuma dole a yi shi da wuri, kafin jiki ya sandare, in ba haka ba haka zai tsaya kuma haka 'yarta za ta riƙa tuna ta. Bakin mamaci buɗewa yake yi da kansa. Na naɗe ƙaramin tawul, na tallafi haɓarta da tafin hannuna, na ɗaga a hankali har leɓe ya haɗu da leɓe, na tokare shi. Fiye da shekara biyu ina zama gaban matar nan ina roƙon bakin nan ya buɗe, ranar ya buɗe babu wanda ya roƙe shi, kuma ni ce na rufe shi.